Daren Kolon da Lalataccen Fiyano

Malam Dauda, Herwagana:
Salamu alaikum 'yan zaure. Maganar aikin hannun hagu a kiɗan fiyano da aka fara makon jiya ba a ƙarasa ta ba, kowa ya watse. Kafin a koma kanta ina roƙon kowa ya nemi wasan da Keith Jarrett, makaɗin fiyanon jaz ɗan Amurka, ya yi shi kaɗai a gidan opera na birnin Kolon a Jamus, daren Juma'a 24 ga Janairu, 1975. Kolon ɗin nan dai da Muryar Jamus ke magana daga can kafin ta koma Bon. Kamfanin ECM ne ya fitar da faifan da sunan The Köln Concert. Minti 66 ne, ba ganga, ba mawaƙi, ba takarda a gabansa. Shekararsa 29 a lokacin, kuma in ka cire ɗan guntun da ya rufe taron da shi, duk abin da za ku ji a nan take yake ƙirƙirarsa.

Ku sa hedfon, ku tsaya a kan minti na farko kawai. Sautuka biyar ya fara saki, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da bai tabbata da mutum a ciki ba. Can cikin jama'a za ku ji 'yar dariya. Bayanin da aka fi yaɗawa shi ne sautukan sun yi kama da ƙararrawar da gidan ke kaɗawa don mutane su shigo su zauna. Daga wannan ɗan abin ya gina minti 26. In aka yi nisa kaɗan hannun hagu zai kama wani zagaye ya ƙi saki, ƙafarsa na bugun ƙasa, shi kuma yana nishi yana ɗan ihu kamar wanda abin ya fi ƙarfinsa. Wanda tsigar jikinsa ba ta tashi a wurin ba, to ya duba hedfon ɗinsa.

Auwalu, Pantami:
Wa alaikumus salam Malam. An ce fiyanon ma lalatacce ne. Gaskiya ne, ko ƙarin gishirin 'yan intanet ne?

Malam Dauda, Herwagana:
Akwai gaskiya a ciki, Auwalu. Wadda ta shirya taron, Vera Brandes, ba ta ma kai shekara ashirin ba. Jarrett ya nemi a kawo masa babban fiyano samfurin Bösendorfer 290 Imperial. Ma'aikatan gidan suka yi kuskure suka turo wani ƙaramin Bösendorfer da ake atisaye da shi a bayan dandali. Saitinsa ya gudu, samansa siriri kamar gwangwani, ƙasansa ba ƙarfi, fedojinsa ba sa aiki daidai. Shi kuma ya iso a gajiye daga Suwizalan a mota, ga rashin barci, ga ciwon baya har da ɗamarar asibiti a jikinsa. Ya kusa fasawa. Masu gyara suka shafe sa'o'i a kan fiyanon, aka fara wasa ƙarfe 11:30 na dare saboda sai da aka tashi daga opera tukuna. Mutum wajen 1,400, tikiti mak 4 na kuɗin Jamus. Faifan ya sayu fiye da miliyan uku da rabi, ba wani faifan mutum ɗaya a jaz da ya kai shi.

Baba Yohanna, Kaltungo:
Malam Dauda, bari in sa baki kan na'urar kanta, don yaran nan da suka taso da fiyanon lantarki ba su san abin da ke cikin na katako ba.

Fiyano mai maɓalli 88 yana da waya wajen 230 a cikinsa. A sama da tsakiya kowane maɓalli waya uku gare shi, in an gangaro ya koma biyu, can ƙasa ɗaya tak mai kauri da aka naɗe da jan ƙarfe. Jan da wayoyin nan ke yi wa firam ɗin ƙarfe ya kai tan 18 zuwa 20.

Sautin ƙasa doguwar waya yake so. Imperial tsawonsa mita 2 da santimita 90, maɓallansa 97, wato an ƙara masa 9 a ƙasa. Ƙananan kuwa galibi daga mita ɗaya da rabi ne zuwa ƙasa da biyu. Tunda ba wurin tsawo, sai a ƙara wa wayar kauri don sautin ya sauka. Waya gajera mai kauri ta fi kusa da sanda, ba ta lanƙwasa yadda ake so. Sai uwar sautin ta raunana, 'ya'yan sautin da ke samanta su karkace. Kunne zai ji ƙara amma ba zai ji nauyi ba, kuma wannan ba abin da mai gyara zai iya yi a kai ko ya kwana yana juya makulli. Haka aka ƙera shi.

Na sama kuma laifin guduma ne. Kowane maɓalli yana da 'yar guduma mai kan ulu. Fiyanon atisaye bugun safe da rana yake sha, ulun ya daskare, wayoyin su yi masa tsaga uku a goshi. In ka cire ɗaya ka ɗaga ta a haske za ka ga goshin ya baje yana ƙyalli kamar an goge shi da dutsen guga. Irin wannan in ta bugi waya, ƙarar cokali a kwano za ka ji. Gyaransa a kankare da sanfefa a dawo da siffar ƙwai, sannan a sossoke kafaɗun da allura, ba tsakiyar goshin ba. Guduma 88 ce, ba aikin yamma ɗaya ba ne. Abin da ya rage wa mutumin nan mai kyau shi ne tsakiya.

Malama Saratu, Billiri:
Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. A nan ne maganar ta haɗu da kiɗan. Fiyano ba ogan ba ne. Sautinsa daga lokacin da guduma ta bugi waya yake fara mutuwa. A babban fiyano kana iya danna bes ɗaya, wato sautin can ƙasa, ka taka feda, ta riƙe maka ɗakin daƙiƙu da yawa kana yawo da hannun dama. In bes ba ƙarfi, feda kuma ba abin dogaro ba ce, hanya ɗaya ta rage: ka yi ta sake bugawa kafin sautin ya mutu. Hannun hagu ya zama makaɗi.

Ku ƙirga da agogo, faifan kashi huɗu ne: 1, 2a, 2b da 2c. A kashi na farko ya yi kusan minti 12 a kan kod biyu kacal (kod shi ne haɗin sautukan da ake kaɗawa tare), A maino 7 da G mejo, wani lokaci a sake ba awo, wani lokaci da takun kiɗan coci na baƙaƙen Amurka. Kusan minti 6 na ƙarshe yana kan A mejo. Farkon kashi na 2a wajen minti 8 ne a kan D mejo, bes ɗaya tana ta komawa. Farkon 2b kuma wajen minti 6 a kan F shaf maino.

Kunnen Bahaushe bai kamata ya yi baƙunta a nan ba. Mai gurmi ko mai kuntigi yana riƙe zagaye ɗaya tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, ba wanda ya ce ya gundure shi, domin zagayen tabarma ce, magana ce ke zama a kai. Hannun hagun Jarrett 'yan amshi ne, na dama shi ne mawaƙin. Kuma kamar mawaƙi, ba ya faɗa wa amshin a daidai kansa kullum. Ya shigo da wuri, ya makara, ya ja baiti ɗaya ya tsallake zagaye biyu, sai ya dawo ya sauka daram. Wannan ja da sakin ne ke taɓa zuciya.

Hamma Buba, Kumo:
Ni fa ban yarda da yadda ake ba da labarin nan ba. Ana so a ce lalacewar fiyano ce ta haifi salon. Ku nemi wasanninsa na Bremen da Lozan na 1973, shekara biyu kafin Kolon, su ma ECM ta fitar. Zagayen hannun hagun yana nan, takun cocin yana nan, ba wanda ya ce fiyanon can ya lalace. Ku koma baya kuma, 1969, Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu, lokacin ana kiransa Dollar Brand, ya zauna shi kaɗai a Kopenhagen ya kaɗa abin da aka fitar da sunan African Piano. Hannun hagu kamar turmi, waƙa na shiga cikin waƙa ba tsayawa. Shi ba a ba shi irin labarin da ake bayarwa na Vera tana roƙon Jarrett cikin ruwan sama ba, shi ya sa ba ku san shi ba.

Na biyu, masu gyara sun yi sa'o'i a kan fiyanon kafin a fara. Abin da ke cikin faifan ba sautin gawa ba ne. Labarin ne ke sayar da faifan.

Auwalu, Pantami:
Hamma ya zo da zafinsa yau.

Malama Saratu, Billiri:
Hamma Buba, a kan tarihi kana da gaskiya, salon ya riga daren. Amma ka saurari Bremen da Kolon a jere, ka lura da inda hannayen ke zama. A Kolon ya fi takura kansa a tsakiya, ya fi daɗewa a wuri ɗaya, ya fi bugawa da ƙarfi don sautin ya isa kujerun baya. Kayan aikin yana da su tun da, fiyanon ne ya ƙwace masa sauran ya bar masa waɗannan. Mai ƙirƙira a nan take babban abokin gabansa shi ne yawan zaɓi. Da aka rage masa, sai ya nutse.

Hamma Buba, Kumo:
Nutsewa ko maimaici, Malama? Akwai wurare a 2b da in ɗalibinki ne ya yi za ki ce ya rasa hanya yana jiran wata dabara ta faɗo masa. In ana maganar iya sarrafa shiru da tazara, a saurari Ahmad Jamal a otal ɗin Pershing na Cikago, Janairun 1958, tare da Israel Crosby a bes da Vernel Fournier a ganga. Yana ɗauke hannu gaba ɗaya ya bar ganga da bes su yi tafiya, ya dawo da yatsa biyu can sama. Miles Davis, shahararren mai busa kakakin jaz, da kansa ya sha faɗin tasirin Jamal a kansa. Wannan shi ne jaz mai lilo. Na Kolon rabinsa coci ne, rabinsa kiɗan Turawa.

Malam Dauda, Herwagana:
Wuraren da kake cewa ya rasa hanya, ni su ne hujjata. A faifan situdiyo da an yanke su. A nan kana jin mutum yana laluben ƙofa a duhu a gaban mutum 1,400, kana jin lokacin da ya same ta, har ihun da yake yi ya canza. Game da ko jaz ne, mutumin ya yi aiki da Art Blakey, ya yi da Charles Lloyd, ya yi da Miles Davis a 1970 zuwa 1971, daga 1983 kuma ya shafe shekara talatin yana kaɗa tsofaffin waƙoƙin jaz da Gary Peacock da Jack DeJohnette. Lilon yana da shi, daren ne bai kira shi ba.

Injiniya Sani, Tudun Wada:
Ku ba ni wuri, don akwai mutum na uku a daren da ba a ambata ba. Manfred Eicher ne mai ECM, amma wanda ya ɗauki sautin Martin Wieland ne, da makirufo biyu na Neumann U 67 da na'urar tef ta Telefunken M-5. Shi ke nan. Abin da Hamma Buba ya ce sautin ba na gawa ba ne, rabin amsar a nan take. Makirufo da ke kusa da wayoyi yana jin bes ɗin da mai kujerar baya ba zai ji ba. Saboda haka mai faifai da wanda ya zauna a zauren ba abu ɗaya suka ji ba.

Rabe-raben 1, 2a, 2b, 2c ma aikin faifan garmaho ne. Faifai biyu, fuska huɗu. Kashi na biyu abu ɗaya ne ya wuce minti 33, fuska ɗaya ba za ta ɗauka ba, sai aka tsaga shi kusan minti 15 da minti 18. 2c kuwa ƙarin da ya yi ne bayan tafi, kusan minti 7.

Sai gargaɗi ga masu saurare da lasifikar waya. Notar A ta ƙasa da hannun hagu ke yawan zama a yankinta girgiza 110 take yi a daƙiƙa. Lasifikar waya ba ta da abin da za ta fitar da wannan. Za ka ji hannun dama yana ta surutu ba tabarma a ƙarƙashinsa, ka ce kiɗan ba shi da ma'ana. Kuma kada a turo shi nan a matsayin saƙon murya, matsewar da ake yi wa saƙon murya don magana aka yi ta, tana kashe wutsiyar sauti, wutsiyar kuwa ita ce ɗakin.

Auwalu, Pantami:
To Malama, mu da muke da Yamaha PSR mai maɓalli 61 a situdiyo, akwai abin da za mu iya ɗauka? Ko sai mai na katako?

Malama Saratu, Billiri:
Akwai sosai, ai naka ma tsakiyar ce kawai, kamar nasa. Amma sai ka fara kashe abubuwan da kuka saba jingina da su. Kashe kiɗan rakiya na kai-tsaye, kashe rabon maɓallai, mayar da tiransfos sifili, zaɓi muryar fiyano ta farko, kunna jin nauyin taɓawa. In wannan na kashe, ko ka shafa ko ka doka ƙara ɗaya za ta fito, kuma duk darasin a nan yake.

Hannun hagu: ƙaramin yatsa a kan A, manuni a kan E, babban yatsa a kan A ta sama. Kada ka danna su tare, ka mirgina su ɗaya bayan ɗaya. Bugu huɗu a nan, sai ka sauko da hannun gaba ɗaya taki guda: G, D, G, bugu huɗu. Sa awo a kan bugu 66 zuwa 72 a minti. Minti biyar hannun dama na kan cinya. In ba za ka iya yin hira da wani kana wannan zagayen ba tare da ya karye ba, bai zauna ba tukuna.

Hannun dama: sautuka biyar kawai, A, C, D, E, G. Da yawan waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya, kunnenka ya san gidan. Ka yi jimla gajera wadda za ka iya rerawa da numfashi ɗaya, ka yi shiru zagaye guda, ka sake ta da canji ɗaya tak. Bayan mako biyu ka ƙara B. In kana son F, gwada F shaf tukuna, don ita ta fi zama lafiya da G mejo.

Inda ake faɗuwa: hannun hagu ya bi na dama. Dama ta yi gudu, hagu ta ƙara sauri ba ka sani ba. Ɗauki kanka a waya, ka kwatanta awon minti na farko da na biyar. Sai hagu ta danne dama, don babban yatsa ya fi sauran nauyi, A ta sama za ta yi ta tsawa. Sassauta shi. Sai kuma haɗa kod cike can ƙasa, A, C, E a manne. A ƙasa sautuka masu kusanci laka suke zama, shi ya sa aka bar C ga hannun dama.

Feda kuma bayan an danna sabon kod ake canza ta: hannu ya sauka, ƙafa ta ɗaga, ta koma nan da nan. In ƙafa ta riga hannu za a ji rami, in ta makara A da G su cakuɗe.

Auwalu, Pantami:
Fedar tamu ma a juye take aiki. In an taka sauti ya yanke, in an saki ya riƙe.

Injiniya Sani, Tudun Wada:
Ba ta lalace ba. Na'urar tana karanta matsayin feda ne a lokacin da aka kunna ta. Kashe fiyanon, soka fedar sosai, cire ƙafarka daga kanta, sannan ka kunna. In har yanzu a juye take, juya ta ka duba cikinta, yawancin na kasuwa suna da ɗan makunni na sauya fuska. Wani abin kuma: ƙananan PSR sauti 32 ko 48 suke iya riƙewa lokaci guda. In ka taka feda kana mirgina hannu biyu, ga muryoyi biyu a haɗe, lissafin ya cika, na'urar ta fara yanke tsofaffin sautuka. Za ka ji bes ta ɓace ba dalili. Murya ɗaya, kuma ka rage amsa-kuwwa, kada ka wuce kashi ɗaya cikin huɗu.

Adda Rabi, Jekadafari:
Akwai shi a rubuce ga mai karanta nota?

Malam Dauda, Herwagana:
Akwai, Adda. Ya daɗe yana ƙi, daga baya ya yarda kamfanin Schott ya buga a farkon shekarun 1990, da sharaɗin faifan ne alƙali ba takardar ba. Akwai wuraren da ba awo ko kaɗan, nota ba ta iya kama su. Ki fara da 2c, shi ne mai tsari kamar waƙa, don daɗaɗɗen abinsa ne ba ƙirƙirar daren ba.

Adda Rabi, Jekadafari:
Na gode Malam. Baba Yohanna, tunda ana maganar na katako: 'yan kaɗan da ke wasu majami'u da makarantu a nan, me ya sa da hunturu ya shigo sai su zama kamar na Kolon ko ma su fi?

Baba Yohanna, Kaltungo:
'Yata, iskarmu ce. Fiyano yana son laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 50. A nan da hunturu takan sauka ƙasa da 20, a watan Agusta kuma ta haura 70. Allon amo da ke ƙarƙashin wayoyi katako ne siriri mai ɗan tudu a tsakiya. Da damina ya sha laima ya kumbura, ya tura wayoyi, sauti ya hau. Da hunturu ya bushe ya kwanta, sauti ya sauka, kuma tsakiya ta fi sauka fiye da gefe biyu, shi ya sa C ta ƙasa da C ta tsakiya ke daina gaisawa. In abin ya yi shekaru allon ya tsage, ka ji zizar kamar ƙudan zuma a wasu maɓallai.

Mafi muni shi ne katakon da ƙusoshin saiti ke ciki. In ya bushe ramukan su buɗe, ƙusa ta daina riƙo. Ka ja waya ta kai, ka cire makulli, ta koma a gabanka.

Yadda za ki gane da kunne: danna maɓalli ɗaya a tsakiya ki riƙe. In wayoyinsa uku sun daidaita sautin zai miƙe sumul. In ɗaya ta bambanta da girgiza ɗaya a daƙiƙa za ki ji wawu, wawu, sau ɗaya kowace daƙiƙa. Mai saiti yana cusa ɗan roba mai tsini ya toshe biyu, ya saita ɗaya da A mai girgiza 440, ya buɗe ta biyu ya ja har wawun ya yi jinkiri ya tsaya cak.

Kada a saita a makon farko na hunturu, a bari ya yi mako uku ko huɗu katakon ya gama motsi. Haka da damina. Sau biyu a shekara ke nan. In ya sauka da rabin taki ko fiye, ba a jan sa lokaci guda. A bi duka a ɗaga sama-sama, a bar shi ya kwanta, a dawo a yi na tsanaki. Wanda ya yi gaggawa zai tsinke waya, ko ya gama sama ya tarar ƙasa ta gudu, don duk wayoyin allo ɗaya suke dannawa.

A nisanta shi da taga da bangon da rana ke duka. A ɗaga shi daga bango da tafin hannu guda saboda gara. A riƙa rufewa, don ɓera na son ulun ciki ya yi sheƙa, asu kuma ya cinye matosan sauti.

Hamma Buba, Kumo:
Baba, kwanon ruwan da ake ajiyewa a cikinsa fa?

Baba Yohanna, Kaltungo:
A na tsaye, in an cire allon ƙasa, ana iya ajiye roba mai faɗin baki a gefe nesa da fedoji, a riƙa dubawa duk mako. Yana ɗan taimako, amma haɗarinsa a manta a tura fiyanon ruwan ya zube, ko a bar shi har damina wayoyi su yi tsatsa, maɓallai su kumbura su riƙa maƙalewa. Da ruwan farko a cire. Ya fi a rufe ɗakin a sa ruwan a ɗakin.

Malam Dauda, Herwagana:
Abu ɗaya da ya sa na ce a saurare shi yanzu. Wasansa na ƙarshe a gaban jama'a a Carnegie Hall ne a birnin New York, Fabrairun 2017. A 2018 shanyewar ɓarin jiki ta same shi har sau biyu, kuma ɓangaren hagu ta taɓa. Sai a 2020 ya bayyana wa duniya. Hannun nan da muka kwana muna magana a kansa, wanda ya riƙe zauren Kolon minti 12 da kod biyu, ba ya iya kaɗawa yanzu. Da hannun dama kaɗai yake ɗan taɓawa a gida.

Malama Saratu, Billiri:
Allah ya ba shi sauƙi.

Injiniya Sani, Tudun Wada:
Amin.

Hamma Buba, Kumo:
Amin. Ra'ayina kan labarin fiyanon dai yana nan, kuma har gobe Bremen ta fi a kunnena. Amma Auwalu, in za ka yi atisayen Malama, saurari farkon 2a, ka bar hannun dama ya yi abinsa, ka bi bes ɗin D kaɗai kana tafa cinya. Ka ga ko za ka kai minti takwas ba ka kauce ba.

Auwalu, Pantami:
To Hamma. Malama, zagayen D ɗin ma D, A, D zan mirgina?

Malama Saratu, Billiri:
Fara da hakan. Amma a can ba mirginawa yake yi a kwance ba, bugu ne gajere mai tsalle, kusan ba feda. Ɗauke ƙafarka gaba ɗaya, ka bar ƙaramin yatsa ya yi aikin, kuma ka rage awon zuwa rabi har sai wuyan hannunka ya daina ƙagewa. In ka ji zafi a bayan hannu ka tsaya, kujerarka ce ta yi ƙasa. Gwiwar hannu ta zo daidai da maɓallai ko ta ɗan fi su tsayi.